Biran Rahila da Ƙosaina

Ba zan taɓa mantawa da bazarar shekarar nan ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da ni. Shekarar da wayar hannu ta fara faɗowa hannun irinmu ce. Zafi ya yi zafi har kaji na buɗe baki a inuwa, rijiyoyin Palladan sun ja baya, wutar lantarki ta zama baƙuwa. Mangwaro kaɗai ya yi albarka, har yara na jifan juna da shi. Ni kuwa abu ɗaya ne a raina dare da rana: Rahila ta gama jami'a lafiya, ta tafi bautar ƙasa tare da 'yan ajinsu.

Rahila ita ce ta uku a ɗakina (shi ya sa nake kama sunanta gatsau ba kunya), kuma ita ta fara taka ƙofar jami'a a duk zuriyarmu. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, wanda muka yi a coci da yamma bayan na riga na tara 'ya'ya. Ina karanta Littafi, ina rubuta wasiƙa, ba na neman kowa ya duba mini katin asibiti. Sana'ata kuwa suyar ƙosai a bakin titi, tun kafin a haife ta.

A shekararta ta ƙarshe aka ba ta aikin bincike, wanda sai an gama shi ake ba mutum takardar shaida. Wasu an ba su ganye, wasu kifi. Tawa 'yar, birai aka ba ta. Jajayen birai ne, a keji, a wani lungu bayan sashensu a Samaru. Ranar da ta gaya mini sai da na ajiye matsami na dube ta.

"Duk wahalar da muka sha, a kan biri za ki ƙare?"

Ta yi dariya ta ce, "Mama, bari in yi miki bayani da yarenki. Murhunki yana cin itace, ko ba haka ba? To jikin mai rai ma murhu ne, abinci shi ne itacensa. Ko barci kike yi wutar tana ci, ita ke buga zuciya, ita ke ɗumama jiki. Biri a daji yini yake yana tsalle. Wanda ke keji kuwa zaune yake. Ni so nake in gano itace nawa murhunsa ke ci a rana guda."

Na ce, "To ta yaya? Tambayarsa za ki yi?"

Ta ce a'a, awo ne. A auna abin da aka ba shi, a auna abin da ya rage, a auna kashinsa, duk ƙarshen mako kuma a ɗora shi kansa a sikeli. Abin da ya shiga, a cire wanda ya fita da wanda ya zauna a jiki, ragowar shi ne wanda wuta ta cinye. Na ce na gane. (Kuma Allah ya sani na gane. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan har yau. Ba rashin ganewa ya kai ni ba.)

Aiki ya fara tafiya ke nan sai ɗan acaɓa ya zubar da ita a Kwangila, ƙafa ta karye. Aka ɗaure ta tun daga idon sawu har gwiwa, likita ya ce kada ta taka. Ta kwanta tana kuka, ba don ƙafar ba, don birai. Akwai ma'aikacin sashen da ke ɗora su a sikeli duk ƙarshen mako, amma ciyarwar kullum da kwasar ragowa nata ne, kuma abokan karatunta kowa na fama da nasa. Sai na buɗe bakin nan nawa na ce, "Share hawayenki. Ni da na ciyar da ku har kuka girma, biri ne zai gagare ni?"

Haka muka tsara. Ita tana zaune a gado da ƙaramin sikelinta, tana auna abincin kowane biri ta ƙulle a leda, ta rubuta lambarsa. Abincin kuwa wani busasshen abu ne mai kama da na kajin gidan gona, wanda ko akuya sai ta yi tunani kafin ta sa baki. Ni kuma in na sauke kasko sai in shiga mota zuwa Samaru, in zuba musu, in kwaso ragowar jiya, in kwaso kashi (e, kashi, a leda, da hannuna, ni da nake shugabar waƙa a zumuntar matan cocinmu), in wuce kasuwar Sabon Gari in sayo wake, in dawo gida.

Ranar farko ta riƙe mini hannu ta ce, "Mama, wannan kawai. Kin ji? Wannan kawai za ki ba su."

Na ce, "Na ji. Sau nawa za ki faɗa?"

To ga inda gizo ke saƙar. Mai suyar ƙosai ba ta karyawa sai ta sallami kowa. Don haka kullum da yunwata nake isa wurin, da ɗan kokona a kwano da ragowar ƙosai a takarda. Akwai wani benci a gindin dalbejiya, daidai gaban kejin. Na zauna, na yi addu'a, na kai loma baki, na ɗaga kai. Idanu. Duk sun bar abincinsu sun jeru a jikin waya suna bin hannuna da kallo, daga takarda zuwa baki, daga baki zuwa takarda.

Ku gaya mini, a wane gida aka rene ku da za ku iya haɗiye abu ana kallonku haka? Mu dai a gidanmu ko almuru ne ya shigo kina ci, sai kin ce masa ya sa hannu. Kakata takan ce lomar da ido ya raka ba ta zama a ciki. Na juya musu baya, na ji kallon a ƙeyata. Na koma bayan ɗaki, rana ta koro ni. Kwana biyu ina wannan fama.

A rana ta uku babbansu, wani tsoho mai furfura a haɓa da na raɗa wa Mai Unguwa (don shi ba ya komai sai zama ana yi masa tsifa), ya zuro hannu ta ramin waya ya buɗe tafi. Bai yi ƙara ba, bai yi tsalle ba. Ya dai buɗe tafi ya karkatar da kai. Na ce a raina, ɓarin ƙosai guda, wane sikeli ne zai gan shi? Na gutsura na ba shi.

Wanda ya taɓa raba abu a cikin yara ya san sauran labarin. Ba a ba ɗaya a hana ɗaya. Kafin mako ya zagayo na fara ware musu nasu tun daga kasko. Da na ga zafi na damunsu sai na ƙara da mangwaro, tunda ga shi nan a banza. In na ratsa kasuwa na ga ƙuli-ƙuli mai kyau, in ce Mai Unguwa zai so wannan. Rake ma na yanka musu ƙanana don kada ya maƙale. Amma abincin Rahila ban taɓa fasa zubawa ba, daidai yadda ta ƙulla, kowa da lambarsa. A ganina amanar ke nan, kuma na riƙe ta. Nawa kuwa ɗan ihsani ne tsakanina da bayin Allah, bai shafi boko ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: da hagu suke karɓa. Wannan ya miƙo hagu, wancan ya miƙo duka biyu kamar ɗan fashi. Ni kuwa ko jikana ne ya miƙo mini hagu sai ya janye ta. Na ce in dai daga hannuna za ku ci, sai kun koyi ladabi. Wanda ya miƙo dama ya samu, wanda ya miƙo hagu in ɗauke kai. Ba su daɗe ba suka gane, ban da wani ƙarami mai taurin kai da na sa wa Bahago. Wannan yaro ya ba ni wahala. Sai in tsaya a rana ina ce masa, "Ɗaya hannun. Ɗaya hannun na ce!" kamar wata malamar firamare, waken Sabon Gari na jirana.

A gida kuwa Rahila ta fara ɓata fuska a kan takardunta. Kullum ragowar abincin da nake kawowa ƙaruwa yake yi.

"Mama, ba sa ci ne?"

"Wa zai ci wannan abu a zafin nan?" in ji ni. (Gaskiya na faɗa, ai.)

"To amma nauyinsu ƙaruwa yake yi. Ga kashi ya ninka. Ta ina abu ke fita in bai shiga ba?"

Na ce, "Ikon Allah ke nan, 'yar nan. Akwai masu jikin da ko ruwa suka sha sai ya zama ƙiba. Dubi gwaggonki."

Ta sa aka sake sikeli. Ta sake lissafi tun daga farko har idanunta suka yi ja. Ni kuma ina gefe ina surfa wake, ina tausaya mata, ina cewa a raina wannan boko ba ƙaramar azaba ba ce. Ko sau ɗaya, ko a mafarki, ban haɗa ƙosaina da jan idonta ba. Ita ma ba ta taɓa kawo wa ranta ta tambaye ni ba. Wa zai zargi uwarsa?

Abin da ta ɓoye mini shi ne, malamin da ke duba aikinta, wanda suke kira Dokta, ya ga lissafin ya ce ba ya yiwuwa. Dabba ba ta ƙiba da iska. Ya ce tunda tana kwance a gida, zama ta yi ta ƙago lambobin da kanta, kuma in haka ne maganar ba ta faɗuwa jarrabawa ba ce, ta kora ce. Ni dai abin da ta gaya mini kawai, ran Alhamis manya za su zo duba birai, ita ma za ta lallaɓa da sandar dogarawa ta je, kuma suna son ganin mai ciyarwar.

Suna son ganina! Na ciro atamfar zumunta daga ƙasan akwati, na yi ɗaurin da ya fi ƙarfin Alhamis, na shafa hoda a wannan zafin. Na ce yau za a san Rahila tana da uwa. Jakata ma ban bar ta ba, don na ce in manya sun watse, ba zan bar bayin Allah su kwana da sa rai ba.

Muka tarar da su a gindin dalbejiya. Ga Dokta, dogo, fuska ba annuri. Ga shugabar sashen, Farfesa, wata dattijuwa 'yar kudu mai tabarau, wadda ta daɗe a Zariya har tana Hausa irin ta Sabon Gari. Ga ɗalibai sun yi cincirindo, don labari ya bazu cewa yau za a yi ta ta ƙare. Na durƙusa na gaishe su, Farfesa ta ce, "Sannu Mama, tashi, tashi." Dokta ya ce in zuba abinci yadda na saba, suna kallo.

Na zuba, kowa da lambarsa, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Har ina satar kallon Rahila in ga ko ta ga ƙwarewa.

Ko biri ɗaya bai dubi kwanonsa ba. Suka taso gaba ɗaya suka jeru a jikin waya, Mai Unguwa a gaba, kowa ya zuro hannun dama ya buɗe tafi, shiru kamar masu karɓar jibin Ubangiji a coci. Bahago ya zuro hagu. Ya dubi fuskata. Ya janye ta a hankali, ya zuro dama.

Farfesa ta gyara tabarau ta matso har tana neman taɓa waya.

"Kai! Duka dama? Na yi shekaru ina aikin dabba, ban taɓa gani wannan ba. Wa ya koya su?"

Jama'a, a nan ne Shaiɗan ya hau ɗaurin kaina ya zauna. Na ji wani daɗi ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Farfesa guda tana mamakin aikina! Na gyara tsayuwa na ce, da muryar nan tawa ta jan baitin waƙa:

"Ni ce, ranki ya daɗe. Ai ba na ba su ƙosai sai da dama."

Na ji wani abu ya faɗi ƙasa. Sandar Rahila ce. Amma ban waiga ba, don na riga na hau.

"Wancan ƙaramin shi ya fi ba ni wahala. Sai da na haɗa masa da ƙuli-ƙuli kafin ya saduda. Babban kuwa mangwaro ne nasa, amma ba ya son mai tsami."

Dokta ya cire hularsa ya riƙe a hannu. A hankali ya ce, "Mama, ƙosai kika ce?"

"E, Dokta. Mai zafi. Ba na ba su kwanan kasko."

"Tun yaushe?"

"Tun satin farko."

"Kamar guda nawa a rana?"

Har na ɗan ji haushin tambayar. Na ce, "Haba Dokta, ana ƙirga wa baƙo loma?"

Wani ɗalibi a baya ya saki wata irin dariya kamar an taka kare, sauran suka ɗauka. Sai a lokacin na waiga. Rahila ta jingina da dalbejiya a ƙafa ɗaya, ta rufe baki da hannu biyu, hawaye na bin yatsunta. Ta ce, "Mama. Itacen. Kin yi ta tura itace ta bayan murhu."

Wallahi da ƙasa tana da ƙofa a ranar da na ƙwanƙwasa. Duk bayanin nan nata ya dawo mini lokaci guda, abin da ya shiga, abin da ya fita, na ga jan idonta, na ga sikelin da aka sake ba laifinsa. Gumi ya kwaso hodar ya gangaro da ita cikin wuyan atamfa.

Farfesa ta ce, "Mama, mene ne a cikin jakan?"

Na ce, "Ba komai, ranki ya daɗe. 'Yan tarkace ne."

"Buɗe mu gani."

Na buɗe a kan benci. Ƙosai a takarda, har mai ya huda ta. Mangwaro. Ƙuli-ƙuli. Rake yankakke. Da wani ɗan ƙullin yaji, don Mai Unguwa ya fara son a barbaɗa masa. Birai suka ga kaya suka kaure da ihu, ladabin duk ya watse, hagu da dama har da ƙafa. Farfesa ta zauna a bakin bencin tana dariya har ta cire tabarau tana share ido, tana cewa, "Har da yaji! Dokta, ka gani? Har da yaji!"

Dokta dai bai yi dariya ba. Ya je gaban Rahila, ya ɗauko mata sandarta, ya ce a gaban kowa, "Ki yafe ni. Na ce kin ƙago lissafi, ashe lissafinki ne kaɗai mai gaskiya a wurin nan. Shi ya yi ta gaya mana akwai abincin da ba mu sani ba." Daga bakinsa na fara jin maganar kora. Wato ina can ina koya wa biri tarbiyya, 'yata na nan tana kwana da takardar kora a kanta, ta kasa gaya mini don kada hankalina ya tashi.

Ba a kore ta ba, mun gode Allah. Amma Farfesa ta gama dariyarta ta mayar da tabarau ta yanke hukunci. Duk awon da aka yi ya tashi a banza. Sai an jira birai sun sauke tumbin da na ɗora musu, sannan a fara daga farko. Ma'ana 'yan ajinsu za su tafi bautar ƙasa su bar ta, sai zagaye na gaba. Na yi tsammanin za a ce kada in ƙara taka wurin, har na fara jin sauƙi. Ina! Dokta ya ce birai sun saba da ni, in aka sauya mutum yanzu za su ƙi ci gaba ɗaya, lissafi ya sake rikicewa. "Ke za ki ci gaba, Mama. Amma hannu rabbana za ki riƙa zuwa, ban da ledojin Rahila."

A mota har Palladan Rahila ba ta ce mini uffan ba. Ni ma na ga bakina ya yi aikin da ya ishe shi na shekara. Babanta da ya ji labari ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, yana cewa shi da ya aure ni bai taɓa samun ƙosai da yaji kyauta kullum ba. Na ce masa ya bari, ba ranar wasa ba ce. Da yamma na kai mata tuwo, na zauna a bakin gado, na ce, "Na ja miki, 'yar nan." Ta dubi kwanon. Sannan ta ce, "Na ce miki wannan kawai, Mama." Na ce, "Kin faɗa." Ta ce, "Har na riƙe miki hannu." Na ce, "Kin riƙe." Ta ja tuwon gabanta ta fara ci, ta ce miyar ta yi gishiri. A gidanmu wannan sulhu ne.

Abin da na koya dai shi ne, mu mun saba in baƙo ya ce ya ƙoshi sai a ƙara masa, in ya ce kaɗan sai a cika. 'Yan boko ba haka suke ba. In ɗan boko ya ce miki wannan kawai, ba kara yake yi ba, ba kuma jan aji ba ne. Wannan kawai ɗin yake nufi, ko da kuwa ke kika haife shi.

Washegari na karya a gida, a ɗaki, na ci har na ji ba wurin numfashi. Na zo fita na tarar da Rahila a bakin ƙofa a kan sandarta kamar ɗan sandan hanya. Ta karɓe jaka. Ta sa na ɗaga hannuwa, ta laluba ɗaurin kai, ta bi bakin zani, ta ciro wani ƙullin gyaɗa da Allah ya sani mantawa na yi da shi. Ta ɗaga shi sama ta dube ni. Na ɗauki ledojinta na shiga mota. Da na isa na zuba wa kowa nasa, Mai Unguwa ya zuro dama ya karkatar da kai. Na buɗe masa tafukana duka biyu na ce, "Kada ka dube ni, malam. Ka kai ƙara wurin Farfesa." Na ɗauki tsintsiya na shiga kwasar kashi.